Daga ramin kuza zuwa bola: a ba mu cikakken lissafin cibiyoyin adana bayanai

Duk wanda ya tashi a Bukuru ya san kududdufan kuza. Ruwansu kore-kore ne, ya kwanta luf kamar ba zai cuci kowa ba, amma zurfinsa ba a magana. Muna yara babu dukan da ya kai na ranar da aka gan ka a bakin ɗayansu, don ba a daɗewa ba a ji sun ci wani ba. Kakana yana cikin waɗanda aikin kuza ya kawo tudun Jos, kuma ya sha ba mu labarin shekarun 1942 zuwa 1944, lokacin da Turawa suka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su ramuka aikin tilas saboda yaƙi. An kwashi kuza shekara da shekaru an kai Ingila. Da farashinta ya karye a kasuwar duniya a 1985, abin da ya rage na manyan kamfanoni ya watse, aka bar mana ɗaruruwan ramuka. Masu noman rani suna ɗan amfana da ruwan, gaskiya ne, amma ba don su aka haƙa ba. A littafin kamfani an rubuta kuɗin lebura da na injin da na jirgin ƙasa. Ramin ne kawai ba a buɗe wa shafi ba.

Abin da ya tuno mini da ramukan nan shi ne yadda ake ta shelar gina cibiyoyin adana bayanai, a duniya da kuma nan gida. Ga wanda bai taɓa leƙa ɗaya ba, wani ƙaton gini ne, galibi ba taga, cike da layi-layin kwamfutocin da ake kira saba, dubbai, suna aiki dare da rana ba hutu. Hoton da ka ɗora a Facebook, kuɗin da ka tura ta waya, bidiyon bikin da aka watsa a WhatsApp, tambayar da ɗalibi ya yi wa manhajar ƙirƙirarriyar basira, duk ta irin wannan gini suke bi. Idan za a buɗe sabo, abin da ake faɗa mana bai wuce dalar da za a zuba da guraben aikin da za a samar ba. In an matsa, a ƙara da cewa ginin ba ya ɓarnar wuta. Ni kuwa ina ganin wannan lissafin ɗan kasuwar da ke ƙirga cinikin rana ne kaɗai, ya manta da kuɗin sari, ya manta da sharar da zai bari a bakin rumfa. Cibiyar bayanai tana da kai, tana da tsakiya, tana da wutsiya, kuma tsakiyar kawai ake nuna mana.

Tsakiyar ma ba ƙarama ba ce. Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin bayanai sun sha wutar da ta kai yunit biliyan 415, irin yunit ɗin nan da muke saye mu loda a mita. Wajen kashi 1.5 cikin 100 ke nan na wutar duniya, amma ya ninka abin da babban layin Najeriya ke samarwa a shekara sau goma ko fiye. Hukumar tana hasashen zuwa 2030 adadin zai kai biliyan 945, ya ɗan zarce abin da ƙasar Japan gaba ɗaya take sha yau. Kashi ɗaya da rabi ba ya tsorata kowa sai an duba inda nauyin ya taru. A Ireland, cibiyoyin nan sun sha kashi 5 cikin 100 na wutar ƙasar a 2015. Zuwa 2023 sun kai kashi 21, har sun zarce duk gidajen birane, kuma dole ta sa hukumar da ke kula da layin wuta ta ja birki kan jona sababbi a yankin Dublin.

Kamfanonin suna da amsa, kuma ba ƙarya suke yi ba: injinan yanzu sun fi na da iya tattalin wuta nesa ba kusa ba. Sai dai mun san yadda wannan ke ƙarewa, don mun gani a gidajenmu. Da ƙwan fitila mai cin wuta kaɗan ya shigo, wa ya rage kunna wuta? Gidan da ke da ƙwai uku ya koma goma sha biyu, har da na bakin ƙofa mai kwana a kunne. Haka abin yake a can. Google da bakinsa ya ce hayaƙi mai ɗumama duniya da ke wuyansa ya ƙaru da kashi 48 cikin 100 tsakanin 2019 da 2023. Sannan akwai wani wayo na lissafi da ya kamata a gane. Kamfani kan sayi wutar sola ko ta iska daidai yawan abin da ya sha a shekara, ya ce duk wutarsa mai tsabta ce. Amma da ƙarfe biyun dare, rana ta faɗi, iska ta tsaya, saba ba ta san wannan ba. Abin da ke kan layi a lokacin take zuƙa, ko gas ne ko kwal.

Adadin da ya fi tsaya mini a rai na Microsoft ne. A rahotonsa na 2024 ya ce hayaƙinsa ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100 daga 2020, kuma ya faɗi dalili: gine-ginen sababbin cibiyoyi, da siminti da ƙarfen da suke ci, da kayan lantarkin da ake zubawa a ciki. Wato tun kafin a kunna saba ko ɗaya an riga an ci bashin. Siminti kaɗai yana fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, ƙarfe ma yana nan kusa da haka.

Ka bi kan abin ka ga inda zai kai ka. Ƙwaƙwalen lantarki mafi ƙarfi da ke cikin sabobin nan, mafi yawansu a Taiwan ake ƙera su, kuma aikin yana cin ruwa mai tsananin tsabta, don ana wanke su sau da yawa kafin a gama. A 2021 Taiwan ta yi farin da ta fi shekara 50 ba ta ga irinsa ba. Gwamnati ta rufe ruwan ban-ruwa ga wajen hekta 74,000 na gonaki, yawanci na shinkafa, ta biya manoman diyya, masana'antun kuma suka ci gaba da aiki, wasu har da sayen ruwa a tanka. Manomi dai kuɗi aka ba shi ya zauna a gida. Ka ƙara matsawa baya, sai ka iso rami. Kusan rabin kuzar da ake haƙa a duniya dalmar liƙe kayan lantarki ake yi da ita, irin wadda mai gyaran waya ke narkawa da bakin ƙarfensa. Yau mafi yawanta daga Sin da Indonesiya da Myanmar da Peru da Kwango take fitowa, kuma a tsibirin Bangka na Indonesiya akwai ramuka masu ruwa sak irin namu na Bukuru. Ga jan ƙarfe na wayoyi, ga zinare a bakin mahaɗai, ga ma'adinan batir. Ba ɗaya daga cikinsu da ke fitowa ba tare da an bar rami a garin wasu ba.

Sai ruwa, wanda shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Dubban kwamfutoci a ɗaki ɗaya zafi suke fitarwa kamar gidan burodi, kuma hanya mafi arha ta sanyaya su ita ce a bar ruwa ya yi tururi ya tafi da zafin. Ruwan da ya tashi sama kuwa ba ya komawa famfon garin. Akwai wani ƙaramin gari a jihar Oregon ta Amurka, The Dalles, inda Google ke da cibiyoyi. Wata jaridar jihar, The Oregonian, ta nemi a gaya mata yawan ruwan da kamfanin ke sha daga na gari. Maimakon a ba ta, sai hukumar garin ta maka ta a kotu, wai sirrin kasuwanci ne. An fi shekara ana ja, sai a Disamba 2022 aka saki adadin: galan miliyan 355 a 2021, kashi 29 cikin 100 na duk ruwan garin. Na zauna na mayar da shi ma'aunin da na sani. Jarkar 'yan garuwa mai lita 25, zai cika sama da miliyan 53, wato jarka 147,000 kowace rana ta Allah. Ni da nake tsayawa a ƙofar gida da sassafe ina leƙen ko mai kura zai biyo ta layinmu, in yi ta ciniki a kan jarka shida, wannan adadi ya fi ƙarfin tunanina. Amma ɓoyewar ta fi yawan ruwan tayar mini da hankali. Idan a Amurka, inda jarida ke da lauyoyi da ƙarfin zuwa kotu, sai da aka yi shekara ana kokawa kafin mutanen gari su san wa ke shan ruwansu, a nan wa zai tambaya, wa kuma zai amsa?

Mutanen Uruguay sun tambaya. A 2023 fari ya ƙafar da madatsar da ke shayar da babban birninsu Montevideo, har gwamnati ta riƙa gauraya ruwan famfo da ruwa mai gishiri-gishiri daga bakin teku. Ana cikin haka ga shirin Google na gina cibiya a yankin Canelones da ke kusa da birnin, wanda tsarinsa na farko ya nuna za ta iya shan lita miliyan 7.6 a rana, kuma shi ma adadin sai ta hanyar kotu aka same shi. Jama'a suka fito zanga-zanga. Kamfanin ya sake tsari, ya rage girman aikin, ya koma sanyayawa da iska. Ashe dai akwai wata hanya, sai an yi magana ake tunawa da ita. Sai dai ita ma da nata farashin, don sanyayawa da iska ta fi cin wuta, musamman a ƙasa mai zafi. Mutanen Finland da Denmark suna da sa'a: sanyin gari na taimaka musu, zafin da sabobi ke fitarwa ma bututu suke sa masa ya ɗumama gidaje. Mu a Kano a watan Afrilu, ana maki 40 da ɗoriya, wa zai karɓi zafi ko kyauta ne?

Yanzu wutsiya. Gini zai iya yin shekara 20 ko 30, amma abin da ke cikinsa ba ya kai ko kusa. Manyan kamfanonin suna lissafa wa saba shekara biyar zuwa shida. Amazon ma a 2025 ya rage wa wani kaso na nasa daga shida zuwa biyar, ya ce saurin da ƙirƙirarriyar basira ke yi ne ya sa injin ke tsufa da wuri. Ke nan a rayuwar gini ɗaya za a kwashe cikinsa a sake zubawa sau huɗu ko biyar, kuma kowane zubi sabon rami ne, sabon ruwan wanki ne. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, kuma kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace.

Ragowar na san inda wani ɓangarensa yake zuwa, don bayan layinmu akwai filin da 'yan gwangwan ke sauke kaya. Da la'asar za ka ga baƙin hayaƙi ya miƙe, warinsa har cikin ɗaki. Wata rana na tsaya wajen wani yaro da bai fi shekara 17 ba, yana juya dunƙulen wayoyi a wuta da sanda, ya sa guntun taya a ƙasa don ta ci da kyau. Roba na narkewa tana ɗiga, jan ƙarfe na bayyana. A gefe ga buhu guda na korayen allunan nan da suke kira fanel, waɗanda ake saya a kilo. Na ce masa, "Samari, hayaƙin nan ba ya damun ka?" Ya yi dariya, idanunsa jajur, ya ce, "Baba, ai in mun tashi madara muke sha, tana wankewa." Ban san me zan ce masa ba. Madara ba ta fitar da dalma daga jini, kuma mutanen Zamfara sun ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare ta kashe yara sama da 400.

A yi adalci: abin da yaron ke ƙonawa tsofaffin talabijin ne da firji da kwamfutocin ofis, ba sabobin Google ba. Manyan kamfanonin suna da wuraren da suke kwance injinansu, su sake amfani da wasu sassan, su sayar da wasu. Tambayata a kan namu ce. Legas ta riga ta tara cibiyoyi, irin su Rack Centre a Ikeja da na MainOne da kamfanin Equinix na Amurka ya saya a 2022, wasu kuma ana kan gina su. Galaxy Backbone ta gwamnatin tarayya tana da tata a Abuja da Kano. Kowace tana da ɗaki guda na batura masu riƙe wuta kafin janareta ya tashi. Ranar da batiran nan da sabobin suka mutu, ta wace ƙofa za su fita? In ba a rubuta tun farko ba, na san amsar: gwanjo, daga gwanjo sai dillali, daga dillali sai bayan layinmu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba yau muka fara zama bolar wasu ba. A 1988 an kawo dubban gangunan guba daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, kuma wannan abin kunya ne ya haifar da hukumar kare muhalli ta farko a ƙasar nan.

Wani abokina injiniya ya ji ina wannan magana ya ce, "Malam, kai ma dai. Mu da ko wutar ba mu da ita, ina mu ina kukan masu ƙoshi? Bari a gina tukuna." Yana da hujja, kuma ban raina ta ba. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, na ga mutane cirko-cirko a gaban masu POS, kuɗinsu na banki amma ba ya motsi. Ƙasar da bayanan bankunanta da asibitocinta da jarrabawar 'ya'yanta ke ajiye a rumbun wasu, ba ta gama mallakar kanta ba. Rabon Afirka a cikin cibiyoyin duniya ɗan mitsitsi ne, hayaƙinmu ma haka. Don haka ni ma ina so a gina, har a Arewa.

Inda muka rabu da abokin nawa shi ne kalmar "tukuna". Rashin wutar da ya kafa hujja da shi, shi ne ya sa lissafin ya fi muhimmanci a wurinmu. Babban layin ƙasa da ƙyar yake ba mutum sama da miliyan 200 megawat 4,000 zuwa 5,000, kuma a Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun fi mako guda cikin duhu bayan an lalata layukan da ke kawo musu wuta. Cibiyar bayanai kuwa ko ƙiftawar ido ba ta yarda wuta ta ɗauke. Saboda haka ɗayan biyu ne: ko a ware mata layi na musamman a rage wa unguwanni, ko ta dogara da manyan janaretocin dizal da gas, maƙwabta su sha hayaƙi da ƙara. Ruwa ma, inda famfo ba ya zuwa, rijiyar burtsatse za ta haƙa mai zurfin da ta talaka ba za ta kai ba. Duk wanda maƙwabcinsa mai hali ya taɓa haƙa irin wannan rijiya ya san abin da ke samun tasa bayan damina biyu. Tun ran gini tun ran zane. Sharaɗin da ba a gindaya ba kafin a zuba harsashi, ba bayan an yanke kintinkiri za a gindaya shi ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba. Tarayyar Turai tun 2023 ta wajabta wa duk cibiyar da ta kai kilowat 500 ta riƙa bayar da rahoton wutar da ta sha da ruwan da ta yi amfani da shi. Mu ma a yi haka, a riƙa wallafa shi duk shekara inda kowa zai gani: yunit nawa, daga ina, dizal lita nawa, ruwa daga wace rijiya, saba da batir nawa aka fitar kuma wa aka miƙa wa. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya tana da ƙa'idojin sharar lantarki tun 2011, a sa cibiyoyin bayanai a cikinsu da suna. Sannan, darasin da na ɗauko daga Bukuru: kafin a ba da izinin gini, kamfani ya ajiye kuɗin kwashe kayansa da gyara wurin a asusun da ba zai iya taɓawa ba, don kamfani kan karye ko ya sauya hannu, kuma wanda ya tafi ba a cika kama shi ba. 'Yan'uwanmu na Arlit a Nijar sun san wannan, tun da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a 2021 aka bar wajen tan miliyan 20 na ƙasa mai guba jibge kusa da gari.

Doka ma muna da ita. Tun 1992 ta ce duk babban aiki sai an yi nazarin tasirinsa ga muhalli, kuma ana baje rahoton na tsawon kwanakin aiki 21 don jama'a su duba su yi ƙorafi. Matsalar, kundi ne mai ɗaruruwan shafuka da Turancin injiniyoyi, a ajiye a ofis, sanarwarsa kuma a ƙuryar jarida. Mai unguwar da rijiyoyin mutanensa za su ja baya bai ma san an baje ba har kwanakin su ƙare. In za a gina cibiya a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, a fitar da shafi biyu da Hausa, a karanta a rediyo safe da yamma, a faɗi jarka nawa za ta sha a rana, janareta nawa za ta kunna, da sunan wanda zai karɓi batiranta in sun mutu.